Likita a Fuskar Waya: Shin Tausayi Yana Ratsowa?

(Kiɗan buɗe shiri)

Waɗanda ke jinmu daga kwance, a gida ko a gadon asibiti, sannunku, Allah Ya ba ku lafiya, Ya sa kaffara ce. Masu jinya kuma, sannunku da ɗawainiya.

Kusan kowa a cikinmu ya taɓa fitowa daga ɗakin likita da ɗaya daga cikin maganganu biyu a bakinsa. Ko dai ya ce, "Kai, likitan nan mutumin kirki ne, tun ban sha maganin ba na ji dama-dama," ko kuwa ya ce, "Ko kai bai ɗaga ya dube ni ba, rubutu kawai ya yi ya miƙo mini takarda." Sau da yawa maganin da likitocin biyu suka rubuta iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne yadda mutum ya ji an karɓe shi.

To ga wani sabon yayi ya shigo, wato ganin likita ta bidiyo. Kana zaune a ɗakinka, shi yana ofishinsa a wani gari, watakila ma a wata ƙasa. Wanda ya je Indiya ko Masar aka yi masa aiki ya dawo gida, likitansa kan ce ya kira shi ta bidiyo ya ga yadda ɗinkin yake warkewa. Wata kuma ɗan yayarta ne likita a Abuja ko a Yamai, da jikin yaro ya yi zafi sai ta danna masa kira ta WhatsApp, ta haska masa fuskar yaron. Tambayarmu ta yau ita ce, wannan kulawa da mara lafiya yake ji a ransa idan yana gaban likita, tana iya ratsowa ta fuskar waya kuwa? In tana ratsowa, me ke zubewa a hanya?

Kada wani ya ce ai wannan maganar jin daɗi ce kawai, in dai magani ya yi aiki shi ke nan. An auna abin. A shekarar 2011, wani masani a Jami'ar Thomas Jefferson da ke birnin Filadelfiya ta Amurka, Mohammadreza Hojat, shi da abokan aikinsa suka bi masu ciwon suga 891 da ke hannun likitoci 29. Suka fara auna yadda kowane likita yake iya sa kansa a halin da mara lafiyarsa yake ciki, sannan suka duba awon sugan mutanen, irin awon nan da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku da suka wuce. A hannun likitocin da suka fi tausayi, kashi 56 cikin 100 na marasa lafiya sugansu ya daidaita. A hannun waɗanda suka fi ƙarancinsa, kashi 40 ne. Fara'ar likita ba ita ke sauke suga da kanta ba, amma hanyar a fili take. Wanda ya saki jiki da likitansa yakan gaya masa gaskiya, har da cewa ya daina shan ƙwayar tun watan jiya domin kuɗi sun ƙare, ko cewa yana haɗawa da na gargajiya. Yakan kuma dawo ranar da aka ce ya dawo.

Yaya ake auna abin da yake a zuci? Wani likita a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland, Stewart Mercer, ya fito da wani ma'auni a shekarar 2004 da ake kira CARE, kuma hikimarsa ita ce mara lafiya ake tambaya, domin shi ne ya san ko an kula da shi. Tambayoyi goma ne, kowace ana ba ta maki daga 1 zuwa 5. Likita ya sa ka saki jiki? Ya bar ka ka ba da labarinka da bakinka? Ya saurare ka da gaske? Ya ɗauke ka mutum mai iyali da sana'a da damuwa, ko kuwa lambar kati? Ya gane abin da kake tsoro? Ya yi maka bayani yadda za ka fahimta? Kun zauna tare kun tsara abin da za a yi? Haka dai suke tafiya. Ku lura da wani abu, masu sauraro: a cikin goman nan babu wadda ta ce ko likita ya riƙe hannunka, ko kuna ɗaki ɗaya. Kusan dukkansu a kan kunne da harshe suke. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Duba mara lafiya daga nesa ya girmi kakanninmu. Tun a 1879, shekara uku bayan ƙirƙiro tarho, mujallar likitoci ta Lancet a Ingila ta ba da labarin likitan da aka tasa da tsakar dare saboda tarin wani yaro. Ya ce a kawo yaron bakin tarho ya yi tari ya ji, da ya ji kuwa sai ya kwantar wa mutanen gidan da hankali. A 1959 likitocin ƙwaƙwalwa a jihar Nebraska ta Amurka suka fara amfani da talabijin mai kai hoto da dawo da shi. Sai dai abin bai zama ruwan dare ba sai da annobar korona ta rufe ƙofofi a 2020. A shirin inshorar lafiya na tsofaffin Amurka mai suna Medicare, ganin likita daga nesa ya tashi daga kimanin 840,000 a 2019 zuwa sama da miliyan 52 a 2020. Shekara guda ke nan. Likitocin da ba a taɓa koya musu yadda ake duban mutum ta kyamara ba suka wayi gari ita ce ɗakin aikinsu.

Da masu bincike suka tambayi marasa lafiya yadda suka ji, amsar ta ba mutane da yawa mamaki. A asibitin Mayo na Amurka, likita William Cheshire da abokan aikinsa suka ɗauki ma'aunin nan na CARE suka kai wa mutanen da aka kawo cikin gaggawa da alamun shanyewar ɓarin jiki. Wasu likitan jijiya ya tsaya a kansu ya duba su, wasu kuwa ta bidiyo ya duba su daga nesa. Makin da ɓangarorin biyu suka ba likitocinsu bai bambanta ba. Mutanen ba su kai ɗari ba, don haka ba a gina gida a kan wannan kaɗai.

Wanda ya fi nauyi shi ne binciken da Joseph Greer da Jennifer Temel suka jagoranta, aka buga a mujallar JAMA a 2024. Mutum 1,250 ne masu ciwon daji na huhu da ya riga ya yi nisa, a cibiyoyi 22 na Amurka. Irin kulawar da ake ba su ita ce ta rage raɗaɗi da kwantar da hankali da taya mutum fuskantar abin da ke gabansa, wato aikin da kusan dukkansa tausayi ne. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suna zuwa asibiti, wasu ana ganinsu ta bidiyo. Bayan mako 24 aka tambaye su yadda rayuwarsu take, sai aka tarar babu wanda ya fi wani. Gamsuwarsu da kulawar da suka samu ma ba ta bambanta ba.

Saboda haka wanda ya ce tausayi ba ya bin waya, bai faɗi daidai ba. Yana bi. Mutum yana iya ji a jikinsa cewa wanda ke can nesa ya damu da shi. Kowace uwa da ɗanta ke ci-rani ta san haka daga muryarsa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda mara lafiya ke jin kulawar likita, ido da ido da kuma ta bidiyo. Mun ji cewa da aka tambayi mutane, da yawa sun ce duk ɗaya ne. Ni dai ban yarda a tsaya nan ba, kuma ga dalilaina.

A wancan binciken na masu ciwon daji, an tsara ne cewa waɗanda za a riƙa gani ta bidiyo sai sun fara haɗuwa da likitan ido da ido sau ɗaya, domin a saba. Ashe ke nan bidiyon ɗorawa ya yi a kan sanayyar da aka riga aka ƙulla. Akwai kuma abin da ya ragu. A ɓangaren masu zuwa asibiti, kusan rabin zaman da aka yi akwai ɗan uwa ko mai jinya a wurin. A ɓangaren bidiyo kuwa kashi 37 cikin 100 ne kacal. Zuwa asibiti yana tilasta wa wani ya raka ka, shi kuwa ɗan rakiya yana jin abin da likita ya ce, yana tuna maka abin da ka manta, yana kuma tambayar abin da kai kake jin nauyin tambaya.

Sannan akwai tazara tsakanin abin da mutum ya ce ya ji da abin da ya gudana a zahiri. A Japan, a 2007, an ɗauki zaman likitoci da marasa lafiya a faifai, aka zauna aka ƙirga kalmomi. Aka ga zaman bidiyo ya fi gajarta, kuma kalaman tausayawa da na yabawa da irin "to, ina jinka, ci gaba" duk sun ragu a bakin likitoci. Marasa lafiyar sun ce sun gamsu, likitocin ne suka ce abin bai yi musu daɗi ba. A yankin Edinbara na Sikotland ma, a 2019, an kwatanta zaman ido da ido da na tarho da na bidiyo, aka ga na nesa sun fi gajarta, matsalolin da ake taɓowa ba su kai ba, bayanin da ake musaya ma bai kai ba. Mutum yana iya tashi yana godiya, alhali abin da ya kawo shi yana nan a cikinsa bai fito ba.

Kada kuma mu manta da wa ake tambaya. Wanda ya cika takardar gamsuwa shi ne wanda kiransa ya shiga. Tsohon da bai iya danna wayar ba, da mai larurar ji, da wadda sabis ya yanke mata sau uku har ta haƙura, ba sa cikin lissafi.

Me ya sa magana ke raguwa ta bidiyo? Wani ɓangare na laifin na na'urar ne. Masana harshe sun auna hira a harsuna goma na duniya, a wani bincike da aka buga a 2009, suka tarar cewa tsakanin mutum ya rufe baki da ɗan uwansa ya amsa, tazarar ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Kunnenmu ya saba da wannan tun muna goye. Intanet kuwa yana jinkirta murya. A Jamus an gwada jinkirin da ya ɗan haura daƙiƙa ɗaya, sai masu hirar suka riƙa ɗaukar abokin maganarsu a matsayin wanda hankalinsa ba ya wurin, ko mara fara'a, ba su san layin ne ba. To ku kawo wannan ɗakin likita. Mace ta gama faɗin abin da ya hana ta barci, sai shiru. Likita bai yi banza da ita ba, muryarta ce ba ta ƙarasa isa ba. Ita kuwa a ranta ta riga ta ce, "Bai damu ba." Ko kuma su fara magana a tare, kowa ya ce wa ɗan uwansa ya ci gaba, a ƙarshe mai ƙaramin ƙarfi ya yi shiru. A gaban likita kuwa, mara lafiya ne mai ƙaramin ƙarfi.

Dama can katse mara lafiya tsohuwar ɗabi'a ce. Tun a 1984 Howard Beckman da Richard Frankel suka nuna cewa likita yakan katse mutum bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayaninsa. Abin takaicin shi ne, da aka gwada a birnin Basel na Suwizalan a 2002, aka ce likitoci su kame bakinsu har mutum ya gama, sai aka ga yawanci minti ɗaya da rabi ya ishe shi. Minti ɗaya da rabi fa, jama'a. Jinkirin layi yana ƙara wa wannan katsewa yawa, ko da likitan bai yi niyya ba.

Shiru ma ya canza ma'ana. A ɗaki, idan mutum ya fashe da kuka, likitan kirki yakan ajiye biro ya yi shiru, ya ɗan matso, kuma wannan shirun magana ce. Ta bidiyo, da an yi shiru na daƙiƙa uku sai ka ji, "Hello, likita, kana jina?"

Yanzu bari mu zo gida, domin a nan ne nake ganin asarar ta fi girma, kuma binciken da aka yi a Amurka da Japan ba zai gaya mana ita ba.

Ka je dubiya wurin Bahaushe da ke kwance ko juyi ba ya iya yi, ka ce, "Baba, yaya jiki?" Me zai ce? "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma tarbiyya ce mai kyau, ta haƙuri da godiya ga Allah. Amma likitan da ya ɗauki wannan "da sauƙi" ya rubuta a fayil ya yi kuskure. Likitan da ya san mutanensa yana fara duba mara lafiya tun daga bakin ƙofa. Yana ganin yadda ya shigo, ko da kansa ko an riƙo shi, yadda ya dafa bango, yadda ya zauna a gefe ɗaya na kujera, yadda numfashinsa yake bayan 'yan takun nan. Yana ganin ƙafar mai ciki ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Yana jan fatar ido ya duba tafin hannu ya ga ko jini ya yi ƙasa. Wani ciwon ma hanci ne ke fara gane shi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma a asibiti har ƙafa da tafiya ana tambaya. Kyamara kuwa daga wuya zuwa sama take nunawa, sau da yawa a ɗaki mai duhu, kuma mutum ya riga ya gyara zama, ya sa hularsa, ya shirya "da sauƙi" ɗinsa. Idan likita ya ce da dattijo, "Baba, kun ce da sauƙi, amma na ga da ƙyar kuka zauna," a nan ne dattijon yake jin an gan shi. Wannan jimlar ita ce tausayin, kuma ido ne ya haife ta.

Ga kuma kunya. Masu koyar da likitoci a Turai da Amurka suna nanata cewa a kalli ƙwayar kyamara, domin mara lafiya ya ji kamar ana haɗa ido da shi. Shawara ce mai amfani, gama idan likita yana kallon hotonka a allo, kai gani za ka yi kamar ƙasa yake kallo. Amma a wurinmu, budurwa ko matar aure da ta sunkuyar da kai a gaban likita namiji ladabi take yi. A ɗaki tana iya kawar da kai ta kalli bango ta faɗi abin da ke damunta a kaikaice, ta ce "mara ce" ko "al'ada ce ta rikice," nas mace tana tsaye kusa da ita. A waya kuwa fuska ce cike da allo tana fuskantar fuska, ga kuma hotonta ita kanta a ɗan lungu tana ganin yadda take. Wata wannan kaɗai ya isa ya ɗaure mata harshe.

Sai babbar matsala, wato wa ke jin maganar. Ɗakin likita, duk cunkoson asibitocinmu, yana da ƙofa ko labule. Gidanmu kuwa gidan yawa ne. Wayar ma watakila ta maigida ce, shi ke riƙe da ita, uwar miji tana zaune a gefe, yara suna leƙe. Ta yaya mace za ta yi maganar tazarar haihuwa, ko ciwon sanyi, ko baƙin cikin da ya sauko mata bayan haihuwa, ko dukan da ake yi mata? Likita yana ganin fuska ɗaya, bai san kunnuwa nawa ke bayan wayar ba. Zai kashe kira yana ganin ya kyauta, ita kuwa ba ta ce komai ba.

Akwai wata magana da duk ma'aikacin asibiti ya sani. An gama, an rubuta magani, mutum ya miƙe har ya kama ƙofa, sai ya juyo ya ce, "Af, likita, na manta, akwai wani ɗan kulluɓutu da nake ji a nan." Bai manta ba. Shi ne abin da ya kawo shi, ƙarfin halin faɗa ne bai samu ba sai da ya ga zai fita. Kiran bidiyo ba shi da bakin ƙofa. Ana danna jan maɓalli, shi ke nan. Wanda kuma yake lissafin datarsa tana ƙonewa, ko cajinsa ya kusa ƙarewa, shi da kansa zai gaggauta sallama.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wurin faɗin mummunan labari. A watan Maris na 2019, a wani asibiti da ke garin Fremont na jihar Kalifoniya, aka turo wata na'ura mai allo ɗakin wani dattijo ɗan shekara 78 mai ciwon huhu. Likita ya bayyana a allon, ya shaida masa cewa huhunsa ya gama lalacewa, babu sauran abin da za a iya yi. Dattijon ba ya ji sosai da kunne ɗaya, na'urar kuma ba ta iya zagayawa ɗaya gefen gadon ba, sai jikarsa da ke zaune ce ta riƙa maimaita masa abin da likita ke faɗi. Bai daɗe ba ya rasu. Labarin ya zagaya duniya, mutane suka fusata. Abin da likitan ya faɗa gaskiya ne. Amma an bar jika ita ce mai isar wa kakanta da wannan saƙo. Ni a ganina wannan bai kamata ya faru da kowa ba. In dole ta sa ƙwararren yana nesa, to a sa nas ko wani likita ya ja kujera ya zauna kusa da mutumin kafin a buɗe baki. Zaman nan kansa yana da tasiri. A asibitin Jami'ar Kansas an gwada da mutum 120 da aka yi wa aiki, aka ga waɗanda likita ya zauna a gefen gadonsu sun ɗauka ya daɗe tare da su fiye da waɗanda ya tsaya a kansu, alhali bai daɗe ɗin ba.

Duk da haka ba zan ce a yar da bidiyo ba, domin yana da abin da ɗakin asibiti ba shi da shi. Mai hawan jini da ke ƙauye, wanda zai kashe kuɗin mota ya wuni a layi don a duba shi na minti biyar, hutar da shi wannan wahala ma tausayi ne. Likita yana iya cewa, "Hajiya, ɗauko mini duk magungunan da kike sha in gani," sai ga leda cike, har da waɗanda ba za ta taɓa tunawa ta kawo asibiti ba. Yana ganin inda mutum yake kwana. Mai fama da damuwa ko taɓin hankali, wanda yake gudun a gan shi a ƙofar asibitin ƙwaƙwalwa, wani lokaci ya fi sakin baki daga ɗakinsa. Kuma murya tana ɗauke da abu mai yawa. Wani masani a Jami'ar Yale, Michael Kraus, ya ba da rahoto a 2017 cewa a gwaje-gwajensa mutane sun fi gane halin da wani yake ciki idan muryarsa kaɗai suke ji. Mu ma'aikatan rediyo wannan bai ba mu mamaki ba. Don haka idan hoto yana sarƙewa, gara a kashe shi a yi magana da murya mai fita tas, da a wuni ana kallon fuskar da ta daskare.

Hukuncina dai shi ne, bidiyo ya dace da likitan da ya riga ya san ka, da ciwon da aka riga aka gano, da bibiyar magani ko sakamakon gwaji. Haɗuwar farko, da ciwon da sai an taɓa, da labari mai nauyi, waɗannan na ido da ido ne matuƙar da hali.

Likitocinmu da nas-nas da ungozomomi, ranku ya daɗe, mun san yawan mutanen da ke jiranku, ba mu raina ƙoƙarinku ba. Roƙonmu shi ne, abin da jikinku yake yi muku a ɗaki ba tare da kun sani ba, a waya sai kun yi shi da baki. Ku yi gaisuwa cikakkiya, a tambayi gida da iyali, kada a ce data. Ku tambaya tun farko, "Wa ke tare da ke a ɗakin? Kina iya magana a sake?" Idan za ku sunkuya ku yi rubutu, ku ce rubutu za ku yi, kuna ji. Idan mutum ya gama magana, ku ɗan dakata kafin ku amsa. Kada ku karɓi "da sauƙi" ku wuce, ku ce ya miƙe ya taka ku gani, ya nuna wurin da yatsa. Abin da kuka gani a fuskarsa ku faɗe shi: "Malam, na ga kamar maganar nan ta tayar maka da hankali." Kafin ku kashe kuma ku buɗe masa ƙofar nan da waya ta rufe: "Akwai wani abin da kike son faɗi da ba mu taɓo ba?" Ku jira amsar.

Ku kuma masu sauraro, idan za ku ga likita ta waya, ku nemi wuri mai haske, hasken yana dukan fuskarku, ku jingina wayar kada ta yi ta rawa. Ku tara magungunanku da takardun gwaji a kusa. Abin da ya fi damunku, shi za ku fara faɗi, kada ku ajiye shi sai ƙarshe. In kuna son ɗan uwa ya zauna, ya zauna. In maganar ta sirri ce, ku nemi a ba ku wuri, maigida kuma ka yi wa iyalinka wannan adalcin, ka miƙa mata wayar ka fita. Idan ba ku gane ba, ku ce a maimaita. Idan kun ji a ranku cewa abin nan sai an gan ku, ku ce, "Likita, ina so in zo ka duba ni." Haƙƙinku ne.

Amma ciwon ƙirji mai tsanani, da zubar jini ga mai ciki, da jijjiga, da yaron da numfashi ke yi wa wuya ko ya kasa shan nono, da karkacewar baki ko mutuwar hannu farat ɗaya, waɗannan ba a tsayawa neman sabis a kansu. A ɗauki mutum a nufi asibiti mafi kusa nan take.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)